Ku Tambayi Makanike: Kulocin 'Yan Tsere a Cunkoson Nyanya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Oga. Ina da Honda Civic VTi ƙirar 1998, mai ƙofa uku, 'yar Beljiyam, injinta B16A2. Na canza mata salansa da matatar iska, amma ban taɓa cikin inji ba. Wata biyu ke nan, in na taka ta a giya ta huɗu sai inji ya yi ta ihu, ita kuwa motar ba ta ƙara gudu. Tunda dole a sauke giyabos, abokaina sun ce in yi mai gaba ɗaya, in sa kuloci siteji 3 mai kunne shida da fulawil na alminiyam mai kilo 3 da rabi. Wani kuma ya ce kar in ɓata kuɗina, in kai nawa fulawil ɗin a rage masa nauyi a injin yankan ƙarfe. A Mararaba nake zaune, ina aiki a Wuse, kuma da ita nake zuwa kullum. Ranar Lahadi ce kawai nake ɗan sake mata. Me ka gani?
Daga mai karatu a Mararaba

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda ka ce a Mararaba kake zaune. Duk wanda ya taɓa hawan Kugbo da ƙarfe bakwai na safe, mota a gaba mota a baya, a matsa taku biyu a tsaya, ya san ƙafar hagu ce ke shan wahalar wannan hanya. Kwana biyar ko shida a mako a nan motarka take rayuwa. Abokanka kuwa ranar Lahadi kaɗai suka duba suka ba ka shawara.

Kafin batun saye, a fara gano abin da ya kashe na cikin. Alamar da ka faɗa ta zamewar kuloci ce, babu shakka. Sai dai ba tsufa kaɗai ke kawo ta ba. In an sauke giyabos, ka tsaya da kanka ka duba cikin kwarjin da kuloci ke zama. Idan ka ga danshin baƙin mai, to robar da ke tare mai a bayan karanshaf, wato babban sandan da inji ke juyawa, ta saki, ko ta bakin giyabos, kuma mai ne ya jiƙa faifan kuloci. Ka sa sabo ba ka gyara yoyon ba, ko na zinari ne zai bi sahun tsohon. A kuma duba kulocin sama da na ƙasa, wato famfunan mai biyu da ke kai turin feda ga kuloci, da ɗan sararin da ya kamata feda ta bari kafin ta fara turawa. Na sha ganin an ɗaure sandar feda tamau, kuloci ya zama kullum a ɗan take, mai mota yana zagin masu sayar da kaya alhali laifin sufana ne.

Yanzu ga abin da yawancin samarin da ke zuwa garejina ba su yarda da shi ba sai na zaunar da su. Kuloci ba ya ƙara wa mota ƙarfi ko na doki ɗaya. Aikinsa ya riƙe abin da inji ya miƙo masa ya isar wa giya, shi ke nan. Kuma ba ƙarfin doki yake ji ba, ƙarfin murɗawa yake ji. Injinka yana ba da doki 160, amma sai ya kai juyi 7,600 a minti, kuma murɗinsa gaba ɗaya yana wajen Nm 150 ne (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin murɗawa). Tsohuwar Golf 3 mai dizal, TDI mai doki 90, ta fi shi murɗi, domin ita ta haura Nm 200. Sirrin B16 saurin juyi ne, musamman bayan VTEC, tsarin Honda da ke ƙara buɗe bawul, ya buɗe a wajen juyi 5,500. Salansa da matatar iska sun ƙara maka ƙara mai daɗi da ɗan numfashi a sama, amma ba su taɓa murɗin nan yadda kuloci zai sani ba. Ni a ƙa'idata, in kuloci zai iya riƙe abin da ya ɗara murɗin inji da kashi 25 ko 30 cikin ɗari, ya wadatar. A motarka wannan bai wuce Nm 200 ba, kuma sabon kuloci mai kyau irin na kamfani yana kaiwa nan.

Maganar siteji kuwa, ka sani babu wata hukuma da ta tsara ta. Kowane kamfani da yadda yake lissafa nasa. Siteji 2 na wannan yana iya zama siteji 3 na wancan, na wani kuma fenti ja ne kawai aka shafa wa murfin kuloci aka ƙara kuɗi. Abin tambaya shi ne Nm nawa yake riƙewa, da me aka yi fuskar faifan, kuma akwai sifirin a cibiyarsa ko babu. Kamfanoni irin su ACT na Amurka da Exedy na Japan suna rubuta adadin murɗin da kowane kayansu ke ɗauka. Wanda bai rubuta ba, ka bar masa kayansa.

Hanyoyin da ake ƙara wa kuloci riƙo ba su da yawa, kuma kowacce da kuɗin da take karɓa daga jikinka ko jikin mota. Ana iya ƙara ƙarfin kaba, wato murfin nan da ke matse faifai a jikin fulawil. (Af, a kasuwa wani zai ce maka filet, wani ya ce disk, har a yi musu kan wanne ne wanne. Ni faifai da kaba nake cewa, a huta.) Kaba mai ƙarfi tana sa feda ta yi tauri, wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, duk lokacin da ka taka feda, ƙarfin nan yana tura karanshaf ne ta tsawonsa, kuma wasu siraran ƙarafa biyu masu siffar rabin wata su ke tare shi. Kaba mai tsananin ƙarfi tana cin su, musamman ga mai tayar da mota da safe ƙafarsa a kan kuloci, lokacin da mai bai hau ba tukuna. In suka cinye, maganar ta bar kuloci ta koma buɗe inji.

Ana kuma iya canza fuskar faifan. Na kamfani zagaye yake cikakke, an yi shi da zaruruwa da aka haɗa da danƙo, kuma yana yarda ya ɗan zame a hankali yayin da kake sakin ƙafa. Wannan zamewar ita ce ke ba ka damar tashi a kan tudu cikin natsuwa. Mai kunne shida ko huɗu, shi kuma an yi kunnuwansa da garin tagulla da yumɓu da aka toya. Yana jure zafi ƙwarai, shi ya sa 'yan tsere ke sonsa, amma bai san tsaka-tsaki ba: ko ya kama ko ya saki. In ka matsa masa ya zame, sai motar ta ɗauki karkarwa, kuma ya riƙa cin fuskar fulawil da ta kaba kamar ana goga musu dutsen wasa wuƙa. Irin tuƙin da hawan Kugbo ke buƙata, wato rabin kuloci, shi ne ainihin abin da wannan faifan ya fi ƙi. Akwai na Kevlar kuma, mai laushin kamu da daɗewa, amma yana son dogon lallashi kafin ya zauna, kuma in ya ƙone sau ɗaya fuskarsa ta yi sulɓi, da wuya ya dawo.

Ba a littafi na karanta wannan ba. Ina da ƙuruciya, ban daɗe da samun 'yanci daga wajen maigidana ba, na sa wa tawa motar mai kunne huɗu wanda babu sifirin ko ɗaya a cibiyarsa. Na ji kaina a sama. Sati bai cika ba aka ce in kai Hajiyarmu gidan biki da ƙawayenta biyu. Kafin mu fita daga layinmu motar ta mutu sau uku, a na huɗu ta yi tsalle har kwanon cincin ya kife a bayan kujera. Hajiya ba ta ce komai ba sai da muka isa, ta sauka, ta gyara mayafi, ta ce, "Ɗan nan, ashe har yanzu koyon tuƙin kake?" Bayan 'yan watanni sit ɗin inji ɗaya, wato robar da inji ke zaune a kai, ya yage, na sauke giyabos na tarar da fulawil ya yi zane-zane kamar an yi masa huɗa. Na biya kuɗin aiki biyu, ga kunya.

To fulawil fa? A nan abokanka suna da 'yar gaskiya, don haka bari in ɗan tsaya.

Ka tuna injin niƙa na unguwa, mai silinda ɗaya, da ƙatuwar ƙafar ƙarfen nan da ke juyawa a gefensa. Inji ba ya ba da ƙarfi a miƙe, bugu-bugu yake bayarwa, kuma nauyin wannan ƙafa shi ke ajiye ƙarfin bugu ɗaya ya kai shi zuwa na gaba. Aikin fulawil ke nan a motarka. Na B16 daga kamfani yana wajen kilo 8. In ka rage nauyinsa, inji ba ya samun sabon ƙarfi, amma ƙarfin da yake kashewa wajen juya wannan nauyi yana raguwa, sai ya tafi ga taya. Ribar ta fi yawa a ƙananan giya. A giya ta ɗaya injinka yana juyawa kusan sau 14 kafin taya ta juya sau ɗaya, a giya ta biyar kuwa bai kai sau 4 ba. A lissafina na makanike, cire rabin nauyin fulawil yana kama da sauke fasinja ɗaya a giya ta ɗaya, amma a ta biyar bai wuce sauke galan ɗin ruwa ba. Gudun ƙarshe na motar ba zai canza ba ko kaɗan. Abin da za ka ji shi ne inji yana amsa totur da wuri, kuma yana sauka da wuri in ka ɗaga ƙafa, wanda ke sa canjin giya ya yi daɗi ga wanda hannunsa ke da sauri. A inji mai kaiwa juyi 8,000 irin naka, wannan daɗi ne na gaske, ba zan ɓoye maka ba.

Kuɗin da za ka biya shi ne tashi daga tsaye. Fulawil mai nauyi yana da ajiyar da ke tura mota a taku na farko. Mai kilo 3 da rabi ba shi da ita, sai ka ƙara totur ka kuma daɗe a rabin kuloci. Ga zafin watan Maris da Afrilu, ka kunna na'urar sanyi, fanka ta tashi, duk suna jan inji a silo, wato lokacin da yake juyi ba a taka totur ba. Sai ka ga allura ta faɗi in ka taka kuloci a bakin danja, wani lokaci motar ta mutu. Za ka kuma iya jin giyabos yana ƙaras-ƙaras a firi, wanda ba lalacewa ba ce amma yana damun kunne. Yanzu ka haɗa wannan da faifai mai kunne shida da ba ya yarda a lallaɓa shi, a kan tudu, tirela a bayanka. Wannan shi ne abin da abokanka suka tsara maka.

Shawarar kai naka a yanke kuwa, ka jefar da ita tun kafin ka gama karanta wannan layi. Fulawil na kamfani ƙarfen zubi ne, ba ya lanƙwasa, fashewa yake yi. In aka ci namansa a inda bai kamata ba, ko aka bar shi gefe ya fi gefe nauyi, a juyi 8,000 yana iya tarwatsewa, kuma gutsattsarinsa suna huda kwarjin giyabos su fito. Ba shi da nisa da ƙafafunka. Shi ya sa masu shirya tsere a Amurka suke neman fulawil mai shaidar gwaji ta SFI 1.1. Abin da aka yarda a yi wa naka a injin yanka shi ne a share fuskarsa kaɗan ta yi sumul in za a sake amfani da shi.

Da motata ce ga abin da zan yi. Faifai cikakke irin na kamfani mai sifirin a cibiya, faɗin milimita 220 wanda shi ne na giyabos ɗinka, da kaba irin ta kamfani ko wadda ta ɗara ta kaɗan. Exedy, wanda dā ake kira Daikin, shi ke yi wa kamfanonin motocin Japan da dama kuloci tun daga masana'anta, kuma nasa na talakawa ya ishe ka. In kana son daɗin fulawil, ka nemi na ƙarfen kuromoli mai kilo 5 zuwa 6, irin wanda ACT ke kira Streetlite. Za ka ji bambanci, kuma za ka iya zuwa ofis. Na alminiyam irin na Fidanza kaya ne mai kyau, har fuskarsa ta ƙarfe ana iya cirewa a canza, amma na wanda ke kwana a filin tsere ne. Idan kuɗi ya yi kaɗan, ka bar fulawil ɗinka, ka zuba kuɗin a tayoyi da birki. Ka kuma lura da jabu, domin kwali ba ya wuyar bugawa, kuma kayan da aka ce maka na Japan ne a rabin kuɗinsa, araha ba ta ado.

Ranar aikin kar ka aika yaro. A canza boris ɗin da ke tura kaba, da ɗan ƙaramin da ke tsakiyar fulawil, da robar man bayan karanshaf ko da ba ta fara yoyo ba, tunda kuɗinta bai kai kuɗin sake sauke giyabos ba. A wanke sabon fulawil da kaba daga man da aka shafa musu don tsatsa. Giris a bakin shaf ya zama ɗan shafi kawai. Kusoshin fulawil guda 8 ne, ana ɗaure su Nm 103, na kaba kuma Nm 25, a tsallake-tsallake ba a jere ba, sai dai in takardar da ta zo da kayan ta faɗi wani adadi. In makanikenka ba shi da sufana mai awo, "hannuna ya sani" ba amsa ba ce, a aro. Daga nan ka ba shi kilomita 800 na tuƙin gari ba fizga, domin fuskokin su zauna da juna. A nan dai cunkoson Nyanya zai yi maka rana. Batun Lahadi kuma, ka san titin gwamnati akwai 'yan acaɓa da masu tsallaka hanya, ba sai na tsawaita ba.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Golf 4 GTI ce da ni, 1.8T mai giya biyar. An taɓa mata kwamfuta ta ƙara ƙarfi. Yanzu tana ƙwanƙwasa idan na kashe ta, kuma kuloci yana zamewa in turbo ya shigo. Makanike ya ce fulawil ɗina mai hawa biyu ne, sabo da tsada, amma zai iya yi masa walda ya zama guda. In yarda?
Daga mai karatu a Zariya

AMSA: Kar ka yarda, Malam. Garin neman gira za a rasa ido.

Fulawil mai hawa biyu, wanda kamfanin LuK na Jamus ya fara fitarwa a 1985, ƙarfe biyu ne da dogayen sifirin da giris a tsakaninsu. Sifirin ɗin ne ke shanye bugun inji kafin ya kai giyabos, kuma in suka gaji sai ka ji ƙwanƙwasar da ka faɗa. Saboda sifirin suna cikin fulawil, faifan da ke tafiya da shi yawanci ba shi da irin manyan sifirin ɗin nan a cibiyarsa. In aka yi walda, babu abin da ya rage mai shanye bugu, ko a fulawil ko a faifai, komai zai sauka a kan haƙoran giya. Ga shi mai walda ba zai iya daidaita nauyin ba, kuma zafi yana karkatar da fuskar.

Kai lamarinka ya bambanta da na mai Civic na sama. Injinka ya fito da Nm 210 ko 235, gwargwadon wanda ka samu, kuma inji mai turbo in aka taɓa kwamfutarsa murɗi ne ke fara hawa, a ƙananan juyi ma. Kai kam kana da hujjar neman kuloci da ya fi na kamfani riƙo. Hanyar da masu wannan mota suka daɗe suna bi ita ce fulawil guda na injin Volkswagen G60 tare da faifai da kaba na injinsu VR6, faɗin milimita 228, kuma faifan yana da sifirin. Wannan na giyabos mai giya biyar ne, 02J. Mai giya shida, 02M, nasa daban ne, ba sa shiga juna. Kusoshin fulawil na Volkswagen sau ɗaya ake ɗaura su domin miƙewa suke yi: Nm 60 sannan a ƙara kwata na juyi. Ka sayi sababbi, kuma waɗanda suka dace da fulawil guda, don tsawonsu ba ɗaya ba ne da na tsohon. Ka shirya jin 'yar ƙara a silo, musamman in na'urar sanyi tana aiki. In ba za ka iya jure ta ba, ka tara kuɗi ka sayi mai hawa biyu na LuK ko Sachs, ka haɗa shi da kaba mai ɗan ƙarfi.

TAMBAYA: Baba, Peugeot 206 nake ja. Shekara biyu na canza kuloci sau biyu. Yayana ya ce in sa na 'yan tsere zai fi daɗewa.
Daga mai karatu a Kaduna

AMSA: 'Yata, na 'yan tsere zai fi saurin mutuwa a hannunki, ya tafi da fulawil. Kuloci biyu a shekara biyu, ko kayan jabu ne, ko wayar kuloci ta yi tauri ba ta sakin kaba gaba ɗaya, ko kuma ƙafa ce. Ki sa a canza wayar tare da kulocin, Valeo ko LuK na gaske. Sannan gobe in kin fita, ki lura da inda ƙafarki ta hagu take zama bayan kin sa giya ta uku. In a kan feda kika same ta, ki sauke ta ƙasa. A bakin danja kuma ki sa firi ki ja birkin hannu.